Da me ake gwada na'urar da ke auna abin da ido ba ya gani?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin fizis ne a aji uku na jami'a. Na karanta cewa tun 2008 aka kunna babban injin gwara ƙwayoyin zarra na CERN, cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta Turai da ke kusa da Jeniba, amma sai 2012 aka sanar da gano ƙwayar Higgs, kuma wai gwajin na'urori da saita su ya ci lokaci mai yawa. Me ake ta gwadawa haka? Tun da ba wanda ya taɓa ganin waɗannan ƙwayoyi da idonsa, da me ake tabbatar da cewa na'urar gaskiya take faɗa? Kuma ɗalibi irina zai iya koyon wannan aiki daga nan gida?

Amsa: Ɗan'uwa, tambayarka ta tsakiya ita ce uwa, don haka da ita zan fara. Na'urar ganowa ba ta taɓa cewa "ga ilektiron nan ya wuce da makamashi kaza". Abin da take bayarwa lamba ce tsura: kafa ta kaza ta ji motsin lantarki mai girma kaza a lokaci kaza. Shi ke nan. ATLAS, ɗaya daga cikin manyan na'urori biyu da suka gano Higgs, tsawonta mita 46 ne, tsayinta mita 25, nauyinta tan 7,000, kuma irin waɗannan kafofi da ke cikinta sun kusa miliyan 100. Abokiyar gasarta CMS ba ta kai ta girma ba, amma ta ninka ta nauyi. Kafin lambar da kowace kafa ta bayar ta zama kimiyya, sai an san takamaiman inda kafar take zaune, an san agogonta ya yi daidai da na sauran, an kuma san makamashi nawa ne lamba ɗaya take nufi a wurinta. Wannan aikin shi ake kira saita na'ura, kuma a ganina shi ne fiye da rabin gwajin, ko da yake ba shi ake bugawa a jarida ba.

Mai sayar da zinariya ba ya yarda da sikelinsa sai ya ɗora masa dutsen awo wanda ya san nauyinsa. Mu ma haka muke yi, sai dai duwatsun awonmu ƙwayoyi ne da na gaba da mu suka riga suka auna da kyau a wasu injina. Ƙwayar Z nauyinta GeV 91.19 ne, J/psi kuma 3.097. Don ka gane ma'aunin, GeV awon makamashi ne da ake auna nauyin ƙwayoyi da shi ma, kuma furoton bai cika GeV ɗaya ba. Idan sabuwar na'ura ta auna Z ta ce 89, ba Z ce ta rame ba, na'urar ce ke da gyara. Amma waɗannan duwatsu ba sa samuwa sai an fara gwara ƙwayoyi, alhali dole na'ura ta kasance a shirye kafin ranar. Saboda haka ake hawa mataki-mataki, daga abin da aka fi sani zuwa wanda ba a sani ba.

Matakin farko shi ne sanin sifili. Ana kunna na'ura ba tare da komai yana ratsa ta ba, a karanta kowace kafa sau dubbai. Ba za ta ba da sifili ba, za ta ba da wata lamba da ke ɗan rawa sama da ƙasa. Tsakiyar wannan rawa ita ce sifilin kafar, faɗin rawar kuma shi ne surutun lantarkinta. Daga nan ake yanke iyakar da sigina zai wuce kafin a kula shi. A nan ne ake fara kama matattun kafofi, da masu ihu ba dalili, a rubuta su a rumbun bayanai don kada kwamfuta ta ɗauki ihunsu a matsayin ƙwaya. Sai kuma a tura wa kowace kafa cajin lantarki da aka san girmansa, ƙarami, matsakaici, babba, a ga ko amsarta na ƙaruwa daidai da abin da aka ba ta. Wannan ya gwada wayoyi da lantarkin karatu kawai, bai taɓa jikin abin da ke jin ƙwayar ba.

Don a gwada jikin, tun kafin a saukar da kayan cikin ramin ƙarƙashin ƙasa inda babban injin yake ake kai yanki-yanki gaban wani ƙaramin injin CERN mai suna SPS, a harba musu ilektiron ko miyon ko fayon da aka san makamashinsu. A 2004 mutanen ATLAS sun haɗa yanki guda daga kowane sashe na na'urarsu, suka jera su kamar yadda za su zauna a rami, suka yi watanni suna harba musu ƙwayoyi. Wani sashen kuma da abin gwajinsa aka gina shi. Kalorimitar ATLAS ta waje, wato sashen da ke tsayar da ƙwaya ya auna makamashinta, wadda aka yi da faifan ƙarfe da roba mai walƙiya, tana da siraran bututu da suka ratsa ta. Ana tura ɗan ƙwanso mai ɗauke da siziyam-137 da ƙarfin ruwa cikin bututun, yana wucewa ta gaban kowane faifai yana fitar da hasken gama mai makamashi sananne. Duk faifan da amsarsa ta sauka daga ta watan jiya, an gan shi.

To, an saukar da kaya cikin rami mai zurfin kimanin mita 100, an ɗaure, an haɗa wayoyi. Injin bai fara aiki ba. Da me za a gwada? A nan Allah Ya hore mana abin gwaji kyauta. Ƙwayoyi masu ƙarfi daga sararin samaniya suna dukan iskar da ke sama da mu dare da rana, suna haifar da miyon, wato ɗan'uwan ilektiron da ya fi shi nauyi sau 200 da 'yan kai. A doron ƙasa, kusan miyon ɗaya ne ke ratsa kowace murabba'in santimita a cikin minti guda, har da kanka yanzu da kake karatun nan. Masu ƙarfi daga cikinsu suna huda dutsen da ke saman ramin su ratsa na'ura daga sama har ƙasa. Amfanin miyon shi ne ba ya tsayawa, yana bi ta kowane sashe ya bar sawu. Idan sawun ya zo wani wuri ya ɓace sannan ya bayyana a kafar da ba ta kan hanyarsa, to an musanya wayoyi biyu wajen haɗi. A na'urar da ke da dubban kilomitoci na waya, wannan ba abin kunya ba ne, abin da ake sa rai ne.

Tarihin da ka karanta yana da wani lungu a nan. Ranar 10 ga Satumban 2008 aka fara zagaya furoton a injin mai kewayen kilomita 27. Kwana tara bayan haka, wani haɗin lantarki tsakanin manyan maganaɗisu biyu ya narke, iskar hiliyam mai tan-tan ta ɓalle, aka yi ɓarnar da sai da aka fitar da maganaɗisu 53 daga rami. Ba a sake kunna injin ba sai Nuwamban 2009. Wani hanin ga Allah baiwa ne. A Oktoba da Nuwamban 2008 CMS ta kunna maganaɗisunta a tesla 3.8 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne) ta tara miyon na sama kimanin miliyan 270, ATLAS ma ta tara sama da miliyan 200 a wannan kaka. Na'urorin sun shiga karon farko a saite fiye da yadda za su shiga da ba a samu tsaikon ba.

Babban abin da aka yi da waɗannan miyon shi ne gano mazaunin kowane faifai, kuma a nan gizo ke saƙa. A lokacin, a tsakiyar CMS akwai faya-fayan silikon 16,588 da ke bin sawun ƙwayoyi. Maganaɗisu yana lanƙwasa hanyar ƙwaya mai caji, kuma daga girman lanƙwasar ake lissafa ƙarfin tafiyarta. Mai rauni tana lanƙwasa sosai, mai ƙarfi kusan miƙe take tafiya. Yi lissafin da kanka: a tesla 3.8, cikin tazarar mita ɗaya da 'yan kai, ƙwaya mai GeV 100 tana kauce wa miƙaƙƙen layi da abin da bai kai milimita biyu ba, mai GeV 1,000 kuma da abin da bai kai kashi biyu cikin goma na milimita ba. Maikuron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ke nan idan faifai ɗaya a tsakiyar hanya ya goce da maikuron 20 ba a sani ba, awon ƙwaya mai GeV 1,000 ya karkace da fiye da kashi 10 cikin 100. Ba injiniyan da zai ɗaure faifai dubu goma sha shida da wannan ƙwarewa, kuma ko ya ɗaure, da an kunna maganaɗisu ko an sanyaya na'ura sai su motsa.

Don haka ba a gyara faifan da hannu, gyara taswirarsa ake yi a kwamfuta. Kowane faifai yana iya gocewa ta fuska uku, ya kuma juya ta fuska uku, wato lambobi shida da ba a sani ba, jimilla kusan dubu ɗari. Ana ɗauko sawun miliyoyin miyon a tambayi kwamfuta: wace taswira ce za ta sa duk waɗannan sawaye su zauna a kan hanyoyi masu santsi lokaci guda? Manhajar Millepede, wadda Volker Blobel na Jami'ar Hambug ya rubuta, ita ce ta shahara wajen warware wannan tulin lissafi. Bayan gwajin 2008, an san mazaunin faya-fayan tsakiyar CMS cikin 'yan maikuron kaɗan. Akwai kuma wata dabara da nake so ƙwarai saboda sauƙinta: miyon ɗaya da ya ratsa daga sama zuwa ƙasa sai a raba sawunsa biyu, a auna rabin sama daban, rabin ƙasa daban, kamar ƙwayoyi biyu ne. Tun da abu ɗaya ne, duk bambancin da aka gani tsakanin awon biyu kuskuren na'ura ne tsantsa.

Miyon na sama yana da nasa gurgunta. Yawancinsu daga sama suke zuwa a tsaye, saboda haka faya-fayan da ke murfin na'ura ta gaba da baya ba sa samun rabo sosai, sai an jira miyon da ke rakiyar furoton a kwance ta cikin rami. Amma yana da wata falala da ƙwayoyin karo ba su da ita. Ƙwayoyin karo duk daga tsakiya suke fitowa, kuma akwai irin murɗewar da na'ura gaba ɗaya za ta yi, sawayensu su ci gaba da zama santsi a ido, alhali an ƙara wa masu caji ɗaya ƙarfi an rage wa kishiyoyinsu. Lissafi ba zai yi ƙorafi ba ko kaɗan. Miyon na sama da yake ba ta tsakiya ya fito ba, shi ke tona asirin irin wannan murɗewa. Shi ya sa har yau, bayan shekaru ana karo, ba a daina tara su ba.

Batun agogo ba zan daɗe a kansa ba. Tarin furoton suna haɗuwa kowane nanosakan 25, wato sau miliyan 40 a sakan. Haske kansa mita bakwai da rabi kawai yake ci a wannan lokaci, ke nan kafin 'ya'yan karo ɗaya su fita daga ATLAS, an yi wasu karon a bayansu. Kafar da agogonta ya makara za ta jingina siginarta ga karon da ba nata ba. Ana gyara wannan ta hanyar dukan wani shingen ƙarfe da furoton da gangan, kimanin mita 140 kafin ATLAS, sai ambaliyar miyon ta haska kusan dukkan kafofi a lokaci guda, a ga wa ya riga, wa ya makara. Ana kuma gwada matatar da ke zaɓar karon da za a adana, domin daga miliyan 40 a sakan, 'yan ɗaruruwa ne ake ajiyewa a shekarun farko, kuma abin da ta zubar ya tafi har abada. Yawan karon kansa ana auna shi da dabarar da Simon van der Meer ya kawo a 1968, inda ake gusar da igiyoyin furoton biyu a hankali ta gaban juna ana ƙirga karo.

Ranar 23 ga Nuwamban 2009 aka yi karon farko, ranar 30 ga Maris ɗin 2010 kuma aka kai TeV 7, wato GeV 7,000. Abin da aka fara nema ba Higgs ba ne, tsofaffin sani ne. An ga fayon mara caji a nauyinsa na MeV 135 (MeV dubu ne GeV ɗaya), sannan J/psi da aka gano tun 1974, sannan Z da aka gano a 1983. Shekarar 2010 kusan duk ta tafi wajen sake gano abin da ke cikin littattafanku. Karon farkon ya kuma nuna abin da gwajin baya bai shirya mutane a kansa ba: a kalorimitar CMS an riƙa ganin kafa ɗaya tak ta ba da makamashi mai yawa, maƙwabtanta huɗu shiru. Foton na gaskiya yana fantsama zuwa maƙwabta. Da aka bincika, ashe wasu ƙwayoyi ne ke dukan ɗan abin karanta hasken kai tsaye ba tare da sun bi ta kiristal ɗin da ke walƙiya a gabansa ba. Sai da aka koya wa matata gane su ta siffa da lokacin isowarsu.

Wannan kalorimita ita ce misalin da ya fi nuna cewa saiti ba aikin rana ɗaya ba ne. Kiristal 75,848 ne na tangistet ɗin dalma, an yi su a Rasha da Sin, kowanne yana walƙiya idan ilektiron ko foton ya shige shi, kuma ba biyun da walƙiyarsu ta zo ɗaya. Na tsakiya an harhaɗa su rukuni 36, kowane rukuni kiristal 1,700, duk an gwada su da miyon na sama kafin saukarwa, wasu rukunan kuma an harba musu ilektiron. Hasken da kiristal ke bayarwa yana raguwa da kusan kashi 2 cikin 100 idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya, don haka ake riƙe su a digiri 18 da ruwan sanyaya, ba a yarda su goce ko da kashi ɗaya cikin goma na digiri ba. Babbar matsalar ita ce tururin karon yana dusashe kiristal a hankali yayin da injin ke aiki, idan an tsaya kuma ya ɗan washe. Ma'aunin safe ba shi ne na yamma ba. Maganin da aka yi shi ne an ja wa kowane kiristal zaren gilashi, ana harba masa shuɗin hasken leza a ɗan giɓin da aka bari tsakanin tarin furoton, a zagaye su duka cikin kusan minti 40 a sake komawa farko, ana gyara lambobi yadda dusashewar ke tafiya. A saman wannan kuma ana duba Z mai rabuwa zuwa ilektiron biyu, a tabbatar tana nan a 91.

Dalilin wannan wahala shi ne Higgs. Ɗaya daga cikin hanyoyin da aka gan ta ita ce rabuwarta zuwa foton biyu, inda take fitowa a matsayin ɗan tudu kusa da GeV 125 a kan wani babban gangare na foton da ba ruwansu da ita. Faɗin tudun na asali 'yan MeV ne kawai, amma a na'ura yana fitowa da faɗin GeV ɗaya zuwa biyu, kusan duk daga iyakar ƙwarewar awo. Da an bar kiristal suna saɓa wa juna da kashi kaɗan cikin ɗari, da tudun ya baje ya narke cikin gangaren. Kuma a 2012 masu nazari a CMS sun rufe wa kansu yankin da ake zaton tudun, suka gama saiti da zaɓen dokokin tacewa kafin su buɗe a watan Yuni, don kada son ganin abu ya sa hannu ya karkata. Ranar 4 ga Yuli aka sanar.

Watakila ka ce, ita Z ɗin da ake dogaro da ita wa ya auna ta? Injin LEP ne, wanda ya yi aiki a wannan rami ɗin daga 1989 zuwa 2000, kuma labarin saita shi abin dariya ne da ban mamaki. An ga makamashinsa na hawa da sauka kullum, ashe jan da wata ke yi wa ƙasa ne ke canza kewayen ramin da kimanin milimita ɗaya. Cikar tafkin Jeniba ma tana taɓa shi. A 1995 kuma aka gano cewa lantarkin da ke zurarewa daga layin jirgin ƙasa mai gudu na Faransa yana bi ta bututun injin ya canza ƙarfin maganaɗisu. Sai da aka saka duk waɗannan a lissafi aka san nauyin Z cikin kusan MeV 2.

Kuskuren da na fi tsoro ba wanda ke ɓoye abu ba ne, wanda ke kama da sabon ganowa ne. A Satumban 2011 gwajin OPERA ya ba da rahoton cewa nitirino da aka harbo daga CERN zuwa Gran Sasso a Italiya, tafiyar kilomita 730, sun riga haske isa da nanosakan 60. Su kansu masu gwajin sun nemi duniya ta taya su neman kuskure, kuma na yaba musu da haka. A Fabrairun 2012 aka gano cewa zaren gilashin da ke kai siginar GPS zuwa babban agogonsu bai ɗauru da kyau ba, ga kuma wani agogo da ke ɗan sauri. Da aka gyara, nitirino suka koma cikin doka.

Game da koyo daga gida, ƙa'idar ɗaya ce a babbar na'ura da ƙarama. A Zariya, Cibiyar Binciken Makamashi da Horarwa ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramin tukunyar nukiliya ta bincike da ke aiki tun 2004, kuma awon hasken gama da na'urar jamaniyam aikin yau da kullum ne a irin wannan wuri. Idan ka samu shiga ɗakin gwaji mai irin wannan na'ura ko mai kiristal ɗin sodiyam ayodaid, ka nemi a bar ka ka saita ta da kanka. Kobal-60 yana ba da tudu biyu, a keV 1,173 da 1,332 (keV dubu ne MeV ɗaya). Ka ja miƙaƙƙen layi tsakanin lambar kafa da makamashi da waɗannan biyun, sannan ka sa siziyam-137 ka ga ko layinka zai ba ka 662. Ka kwashe duka ka bar na'ura ta kwana tana ƙirga, za ka tarar da tudu a 1,461 daga fotasiyam-40 da ke cikin bango da ƙasa. Ka maimaita da rana tsaka da kuma asuba ka ga ko tudun ya gusa.

Idan kuma kwamfuta da intanet kawai gare ka, CERN ta saki wani ɓangare na ainihin bayanan CMS ga kowa, har da jadawalin karon da ya fitar da miyon biyu, wanda aka sauƙaƙa don ɗalibai. Ka lissafa nauyin da kowane miyon biyu suka fito daga gare shi, ka zana yawansu. Ya kamata J/psi ta tsaya kusa da 3.1, wata ƙwaya mai suna Upsilon kusa da 9.5, Z kusa da 91. Bayan haka ka raba bayanan gida biyu, miyon da suka bi tsakiyar na'ura da waɗanda suka bi ta murfinta, ka kwatanta faɗin tudun Z a kowane gida. Na murfi zai fi faɗi, kuma da lissafin lanƙwasar da muka yi a sama za ka iya gano dalili.